Don shugaban kamfanin wiwi ya sayi jarinsa, sai mu bi shi da kuɗin adashi?

Yau kusan mako biyu ke nan wani saƙo yana yawo a wayoyin mutanen Briqueterie. Ni kaɗai sau huɗu aka turo mini shi: sau biyu a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, sau ɗaya daga wani mai shagon atamfa, na ƙarshen kuma daga gwaggona, wadda ko Faransancin da aka rubuta shi da shi ba ta karantawa. Saƙon yana cewa shugabannin wani kamfani da ke noma tabar wiwi yana sayarwa a Kanada sun sa hannu a aljihu sun sayi hannayen jarin kamfanin nasu, saboda haka farashi na gab da tashi, mai son rabonsa ya hanzarta ya tura kuɗi ta waya kafin wata ya mutu. A ƙasa an liƙa hoton wata takardar Turanci cike da lambobi, don a nuna abin ba wasa ba ne. Sunan kamfanin ba zan kawo shi nan ba, don ba zan yi masa talla kyauta ba.

Da na yi niyyar sharewa in wuce, kamar yadda nake yi wa irinsa. Abin da ya hana ni shi ne zubin adashinmu na ranar Lahadi. Wanda ɗauka ta faɗo kansa a wannan watan wani ƙanena ne na unguwa, tela, kuma tun farkon shekara yake gaya mana cewa in ya ɗauka keken aikin wuyan riga zai saya, ya daina kai aiki shagon wani. Sefa dubu 600 ne. Da aka ƙirga aka miƙa masa, sai ya matso kusa da ni ya nuna mini wayarsa ya ce, "Yaya Malam, kai da ka yi boko, duba mana wannan. Mai gida da kansa ne fa yake saye. Ai ba zai jefa kuɗinsa a rijiya ba."

Maganarsa ba ta wauta ba ce, shi ya sa na ga ta cancanci amsa a fili. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shugaban kamfani ya san cinikin da aka yi a watan jiya tun kafin jarida ta sani, ya san bashin da ke wuyansu, ya san kwangilar da ake shirin sa wa hannu. Su kansu masu bibiyar kasuwar hannayen jari sun fi ɗora ido a kan sayen na ciki fiye da sayarwarsu, don mutum yana iya sayar da jarinsa saboda zai gina gida ko zai biya haraji, amma saye sai wanda yake fatan riba. Wani lokaci ma farashin yakan tashi bayan irin wannan sayen. Wannan duk na yarda. Sai dai tsakanin wannan da tura kuɗin adashi akwai tafiya mai nisa.

Mu fara da takardar da aka liƙa. Ba sirri ba ne da wani ya sato mana. A Amurka doka ce ta wajabta wa daraktocin kamfani, da manyan jami'ansa, da duk wanda ya mallaki fiye da kashi 10 cikin ɗari na jarinsa, su sanar da hukumar kula da kasuwar, wato SEC, cikin kwana biyu na aiki duk lokacin da suka sayi jarin kamfanin ko suka sayar. Takardar sunanta Form 4, kuma kowa yana iya buɗe ta a intanet kyauta. A Kanada wa'adin kwana biyar ne. Ke nan kafin hoton ya iso wayar tela a Yawunde, manyan 'yan kasuwar da ke da kwamfutocin da ba su da aiki sai gadin irin waɗannan takardu sun gani, sun saya ko sun ƙyale, farashi ya riga ya motsa iyakar motsinsa. Mu ragowar tuwon jiya ake ɗumama mana.

A jikin takardar kuma akwai wani ɗan harafi da masu turo saƙo ba sa bayaninsa. In an rubuta P, mutumin ya sayi jarin da kuɗinsa a kasuwa. In A ce, kamfani ne ya ba shi a matsayin wani ɓangare na ladan aikinsa. In M ce, wata dama ce da aka ba shi tun da can ta karɓar jari a kan farashin da aka yanke masa, ya zo ya yi amfani da ita. Duka ukun ana iya fassara su da "shugaba ya ƙara jari", amma ɗaya ne kawai a ciki ya taɓa aljihunsa.

To mu ɗauka P ɗin ce. Bari in yi lissafin allo, irin wanda nake yi wa yara, ba wai adadin wani kamfani nake kawowa ba. Shugaban da yake samun dala miliyan 5 a shekara, in ya sayi jarin dala dubu 100, kashi 2 cikin ɗari na samunsa ya fitar. Malamin da ke ɗaukar sefa dubu 150 a wata, kashi 2 na shekararsa sefa dubu 36 ne. In sun narke zai ji zafi, amma ba zai fasa cefane ba. Shi kuwa ƙanen nawa dubu 600 ɗin nan su ne zubin da ya yi ta matse kansa yana yi wata da watanni, kuma bayan ya ɗauka sai ya ci gaba da zuba wa waɗanda ba su ɗauka ba. Shugaban yana da wata ribar ma da ba ta cikin farashi: ranar da labari ya fita cewa ya saya, masu jarin da suka fara tsorata sukan ɗan natsu, kujerarsa ta ƙara zama. Kuɗin da ya kashe, ko bai dawo ba, ya yi masa aikin talla.

Sannan wannan kasuwar ta wiwi tana da tarihi, kuma ba tsoho ba ne. Ranar 17 ga Oktoban 2018 Kanada ta halatta wa manya shan wiwi don nishaɗi. Kafin ranar ta zo kuɗi sun yi ta kwarara kamar ruwan Agusta. Kamfanin Constellation Brands, mai sayar da giyar Corona a Amurka, ya zuba kusan dala biliyan 4 a Canopy Growth cikin Agustan shekarar. A Disamba kamfanin Altria, mai sigarin Marlboro, ya ba da sanarwar zuba dala biliyan 1.8 a Cronos. A Satumban 2018 hannun jari ɗaya na kamfanin Tilray ya taɓa dala 300 a cikin wani yini. A 2025 an sayar da shi ƙasa da dala ɗaya. In muka mayar da shi kuɗinmu, wanda ya shiga a ƙololuwar nan da sefa dubu 300, abin da ya rage masa bai kai sefa dubu ɗaya ba, kuɗin tsire tsinke kaɗan a bakin titin unguwar nan. Waɗancan manyan kamfanonin giya da sigari suna da lauyoyi da akantoci ɗaki guda, kuma su ma sun ji a jikinsu.

Abin da ya faru mai sauƙin ganewa ne. An gina gonakin rufi masu faɗin gaske, an noma fiye da abin da kasuwa za ta ɗauke, farashin ganye ya faɗi, masu sayarwa ta bayan fage kuma ba su tafi ko'ina ba. Kamfanonin suka yi ta asara, kuma duk sa'ad da kuɗi suka ƙare sai su buga sababbin hannayen jari su sayar. Kamar faifan kilishi ne da mutum goma suka haɗa kuɗi suka saya, sai mai kilishin ya ƙara shigo da mutum goma a kan faifan nan ɗaya. Da farashi ya yi ƙasa har ya kusa sa a kore su daga kasuwa, sai su dunƙule hannaye da yawa su zama ɗaya: Aurora ta mayar da 12 zuwa ɗaya a 2020, Canopy Growth ta mayar da 10 zuwa ɗaya a ƙarshen 2023. Lambar da ke allo ta yi kyau, abin da ke hannun mutum bai ƙaru da ko dala ba. Masu cewa "ai yanzu ya yi araha, lokacin saye ne" su tuna cewa abin da ya faɗi da kashi 90 cikin ɗari sai ya ninka sau goma kafin ya koma inda ya taso.

Akwai wani labarin da ya fi kusa da batunmu. A Yulin 2019 hukumar lafiya ta Kanada ta ce kamfanin CannTrust ya noma wiwi a ɗakuna biyar da ba su da izini a gonarsa ta jihar Ontario. Aka kori shugaban kamfanin, jarin ya zube, a 2020 kamfanin ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi. A 2021 aka gurfanar da mutum uku daga cikin tsofaffin manyansa, biyu a cikinsu har da tuhumar sun sayar da jari alhali sun san abin da jama'a ba su sani ba. A Disamban 2022 kotu ta wanke su duka ukun, bayan masu gabatar da ƙara da kansu sun ce ba su ga alamar za su yi nasara ba. Don haka ba na ɗora wa mutanen nan laifin da kotu ta sauke musu. Abin da nake so a gani shi ne, ƙasa mai hukumomi irin Kanada sai da ta kwashe sama da shekara uku kafin ta rabe wa ya san me, kuma yaushe ya sani. A duk tsawon lokacin nan ƙaramin mai jari yana zaune ne yana kallon kuɗinsa suna tsiyayewa. In haka ta faru da wanda ke Toronto, ina ga wanda ke bayan babban masallacin Briqueterie?

Mu Musulmi wannan matsalar ba baƙuwarmu ba ce, tun a zaure muka karanta ta, suna ne kawai ya sauya. A babin ciniki na Risala an hana algus da yaudara da ɓoye aibin kaya. A cikin Muwaɗɗa akwai hanin tarar fatake a hanya a saye kayansu kafin su shigo kasuwa, kuma hikimar a bayyane take: ɗaya ya san farashi, ɗaya bai sani ba. Wannan shi ne ainihin abin da dokokin kasuwar hannayen jari suke hukuntawa in na ciki ya yi ciniki da labarin da bai fito ba. Akwai kuma najashi, wato mutum ya taya kaya da tsada ba don zai saya ba, sai don na kusa da shi ya ji ya ƙara. Duk wanda ya taɓa zuwa neman ragon layya ana jibi Sallah ya san wannan wasan, ya ga mutumin da ke zagaya rago yana yaba ƙahonsa, alhali shi da dillali tare suka karya kumallo. Adalci shi ne in ce shugaban da ya biya kuɗinsa ya saya bai yi najashi ba, tunda ya saya ɗin. Amma wanda ya ɗauko takardarsa yana yawo da ita a wayoyinmu don ya ci la'ada a kan duk wanda ya shiga, shi kam aikin mai yaba ƙahon nan yake yi.

Har yanzu ban taɓo babbar maganar ba, kuma na jinkirta ta ne da gangan, don na lura in aka fara da "haramun ne" matasa sukan rufe kunne, su ce malamai ba su san zamani ba. Hannun jari ba takardar caca ba ce da ba ta da alaƙa da komai. Wanda ya saye shi ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin, gwargwadon abin da ya zuba. In kamfanin ya sayar da ƙunshin wiwi, da kasonka a ciki. Ni ba malamin fatawa ba ne, malamin aji ne, amma ban san wani saɓani tsakanin malamanmu a kan haramcin abin da ke gusar da hankali ba, kuma ma'aunan da cibiyoyin kuɗin Musulunci ke bi, irin na hukumar AAOIFI da ke Bahrain, tun a ƙofa suke fitar da kamfanin da asalin sana'arsa haramun ce, kafin ma a zo lissafin bashin ruwa.

Na san amsar da za a ba ni, don ƙanen nawa ya riga ya ba ni ita: "Ai na magani ne, Yaya. Maroko ma ƙasar Musulmi ce ta halatta." Gaskiya ne Maroko ta yi doka a 2021 da ta ba da izinin noma shi don magani da masana'antu, a wasu larduna na arewacin ƙasar, ƙarƙashin hukuma ta musamman. Lesotho ta riga kowa a Afirka tun 2017. A Disamban 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin mafi tsanani na yarjejeniyar 1961, duk da ba ta sake shi ba. A maƙwabciyarmu Najeriya marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya yi ta kiran a bari a noma shi don magani, hukumar NDLEA ƙarƙashin Buba Marwa ta ƙi amincewa da halatta shi. Wannan muhawara ce ta likitoci da malaman fiƙihu, kuma maganin da likita ya rubuta wa mai ciwo hukuncinsa daban. Amma Maroko ba ta halatta shan nishaɗi ba, kamfanonin Kanada kuwa da kasuwar nishaɗin suka yi ƙiba. Wasu ma ba su tsaya nan ba: Tilray ta mallaki kamfanin giya na SweetWater, ta ƙara sayen wasu sunayen giya da abin sha guda takwas daga Anheuser-Busch a 2023. Wanda ya shiga da niyyar magani, sai ya wayi gari yana da kaso a randar giya.

A nan Kamaru kuwa dokar 7 ga Agustan 1997 a kan miyagun ƙwayoyi tana nan daram, noman banga, kamar yadda ake kiranta a nan, da sayar da ita laifi ne. Bara na kwance wani ɗan ƙullin takarda daga jakar yaro ɗan shekara 13 a ajina. Da na kira mahaifinsa, dattijon bai iya cewa komai ba, sai hularsa da ya cire yana jujjuyawa a hannu. Wannan yaron in jandarma suka kama shi da ƙullin nan, mun san inda zai kwana. Ban ga yadda za a yi mu raka uba ofishin 'yan sanda da safe neman belin ɗansa, da daddare kuma mu buɗe waya muna addu'ar Allah Ya sa cinikin wiwi ya haɓaka a Kanada don jarinmu ya tashi ba.

Duk wannan fa in har jarin gaske ake sayar mana. Na sa ƙanen nawa ya buɗe hanyar da saƙon ya nuna, sai ga lambar waya ta wani mutum, a tura masa ta Orange Money ko MoMo, shi kuma zai buɗe wa mutum "asusu" a wata manhaja. Ba a sayen jarin kasuwar New York ko Toronto ta hanyar tura kuɗi lambar wani. A yankinmu na CEMAC mai tara kuɗin jama'a don zuba jari sai da izinin hukumar COSUMAF da ke Libreville, fitar da kuɗi waje kuma yana ƙarƙashin dokar canji da babban bankin BEAC ke aiwatarwa tun 2019. Lambobin da za su riƙa hawa a manhajar nan, wanda ya ƙera ta ne yake rubuta su. Mutanen Yawunde ba su manta da MIDA ba, yadda aka yi cincirindo a Ahala a 2018 ana neman kuɗin da aka zuba, ba su kuma manta da Liyeplimal ba.

Laifin ba na matasan kaɗai ba ne. Yaron da ya tara dubu 600 da zufarsa yana da haƙƙin ya nemi inda za su haihu, kuma mu manya ba mu nuna masa ƙofa ko ɗaya ba. Kasuwar hannayen jari ta yankinmu, BVMAC, tana nan Duwala, amma kamfanonin da ke cikinta yatsun hannu sun isa ƙirga su: su SOCAPALM da SAFACAM masu manja da roba, da SEMC mai ruwan Tangui, da 'yan kaɗan. Ban ce a je a saya ba, su ma sai an duba bashinsu da sauran harkokinsu, amma mutum nawa ne a unguwar nan ma suka san da su? Afriland First Bank ya buɗe sashen hada-hadar Musulunci tun 2015, CEMAC ta fitar da dokar kuɗin Musulunci a 2022, a Najeriya kuma tun 2012 akwai jerin kamfanonin da aka tace bisa shari'a a kasuwar Legas. Ban taɓa jin an zauna an yi wa mahauta da teloli da masu shagunan atamfa bayanin ko ɗaya daga cikin waɗannan da Hausa ko Fulatanci ba. Masu saƙon yaudara kuwa har murya suke naɗowa da Hausa, don wadda ba ta karatu irin gwaggona.

Ina roƙon limamanmu, daga babban masallacin unguwa har na Tsinga, su ware huɗuba ɗaya ko darasi ɗaya na bayan Magariba su karanta babin ciniki da misalan waya, ba na raƙuma kaɗai ba, su gayyato wanda ya san aikin banki ya zauna kusa da su ya amsa tambayoyi. COSUMAF kuma, tunda takan fitar da gargaɗi a kan masu tara kuɗi ba izini, ta san cewa sanarwar Faransanci a shafinta ba ta isowa shagon tela. Shugabannin adashi su ma da nasu: kuɗin wanda ya ɗauka nasa ne, ba mai hana shi, amma in ya narkar da su, zubin watannin da suka rage a wuyan sauran yake faɗawa, don haka tambayar "me za ka yi da su?" ba shisshigi ba ce.

Ƙanen nawa bai ce na gamsar da shi ba. Ya dai yarda ya bar kuɗin a hannun uwar adashi zuwa Lahadi mai zuwa, kuma ranar Asabar in na tashi daga gyaran takardun yara za mu shiga kasuwar Mokolo tare mu tambayi kuɗin keken. Sai da muka rabu a bakin layi ya gaya mini cewa abokinsa da ya turo masa saƙon ya riga ya tura dubu 200 tun makon jiya, kuma jiya da ya nemi ya cire dubu 50 daga ciki, an ce masa sai ya fara biyan kuɗin buɗe asusu.